Yadda za ka taimaki ƙanenka ko abokinka in damuwar jikinshi ta fara shiga tsakaninshi da abinci

A nan Katsina in ka ce namiji na fama da ciwon ƙin cin abinci dariya za a yi maka, a ce ai wannan ciwon 'yan matan Turawa ne, mu nan abincin ma nemanshi ake. To wallahi akwai shi a cikinmu, kuma a cikin samarinmu maza, kawai dai ba ya zuwa da kamar da muke zato ne. Wani yaron yunwa yake kwana da ita da gangan don teɓa ta sauka, wani kuma akasin haka, ƙwayar ƙiba yake haɗiya don an dame shi da tsinke tsinke, wani ƙarfe yake ɗagawa safe da yamma har kafaɗa ta lalace kuma duk da haka in ya tsaya gaban madubi ƙaramin mutum yake gani. Duk ukun abu ɗaya ke cin su, idon mutane. Babu yaron da aka haifa yana ƙin jikinshi, a bakin wasu yake koya.

Shi ya sa kafin ka je kan yaron, fara da sauraren abin da ake faɗa mashi. Zauna a majalisarku da yamma ka kasa kunne da kyau. Siriri sunanshi ƙashi da rai, ko a ce iska za ta ɗauke shi, ko kuma wadda ta fi muni a riƙa tambayarshi cikin mutane wai lafiya kau kake ramewa haka, kuma kowa ya san ciwon da ake nufi. Mai jiki kuma lukuti, ko a daki cikinshi a ce wata nawa. A gida ma ba a tsira ba, gwaggo ta zo biki ta ce wai ba a ba ka abinci ne a gidan nan, tela ya zo awon kayan sallah ya faɗi faɗin ƙugu da ƙarfi kowa ya ji. Mu muna ɗauka raha ce, shi kau yaron da ita yake kwana. A da ma'aunin guda ne, in ka yi ƙiba an samu duniya hutu ya zauna, yanzu kuma waya ta kawo wani ma'aunin daban, ƙirji mai faɗi da ciki a shafe mai layi layi, sai yaro ya tsinci kanshi a tsakiya, a gida ana so ya yi kumatu a TikTok da Instagram ana so ya bushe.

Kada ka raina ƙarfin abin da ido ke gani kullum. A tsibirin Fiji mutane ne masu son jiki cikakke kamar mu, rama a wurinsu alamar rashin lafiya ce. Talabijin ta isa wani yankinsu a 1995, wata likita daga jami'ar Harvard ta Amurka mai suna Anne Becker ta tambayi 'yan matan makaranta a lokacin, babu ko ɗaya da ta ce tana yin amai da gangan don rage jiki, da aka koma a 1998 sai ga kusan 11 cikin 100 suna yi. Shekara 3 kacal, kuma talabijin ce ta falo da ake kallo tare, ba wayar da yaro ke shiga bargo da ita har ƙarfe biyun dare ba.

To me za ka duba?

Abin da za ka fara lura da shi ba kilo ba ne, hali ne. Yaron da kuke haɗa hannu a kwano ɗaya tun yana ƙarami yanzu kullum ya ce ya ƙoshi ko ya ci a waje, ko ya ɗauki nashi ya shige ɗaki. Ya daina tuwo ya daina shinkafa ya daina duk abin da mai ya taɓa, in an matsa mashi sai faɗa. Yana gama ci sai banɗaki kuma ya daɗe yana zuba ruwa. Ko ka ga ya kwana biyu yana ƙin ci rannan kuma da dare ya je wajen mai shayi ya tashi da indomi huɗu da burodi a tsaye cikin sauri kamar ana korarshi, ya dawo yana jin haushin kanshi. Wannan cin da mutum ke yi ba ya iya tsayawa shi ma ciwo ne mai zaman kanshi, likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sa shi a littafinsu na cututtuka a 2013, ba haɗama ba ce. Mai yawan amai da gangan kuma jikinshi na tona shi, haƙora na zaizayewa saboda tsamin ciki, gefen muƙamuƙi ƙasan kunne ya kumbura, wani har da tabo a bayan yatsu inda haƙori ke gogawa.

Na masu ɗaga ƙarfe ya fi wuyar ganewa don kowa yabonshi yake. Ni ba na ƙin ɗaga ƙarfe ko kaɗan, yaran da ke zuba siminti a gwangwani su sa sanda su yi abin ɗagawa a lungu sun burge ni, haka masu zagaye wajen filin wasa na Karkanda da asuba, ya fi zaman banza nesa ba kusa ba. Inda abin ke lalacewa shi ne in ya zama rana ɗaya in bai je ba hankalinshi ya tashi, yana ciwo yana ɗagawa, ya bar aiki ko lacca ko zumunci saboda jim, wato wurin ɗaga ƙarfen, kuɗin da ya samu duk sun tafi a garin furotin na gwangwani, kuma ga shi ƙato amma cikin zafin watan Afrilu yana sa riga biyu don wai kada a ga hannunshi sirara. Wani likita a Amurka, Harrison Pope, da abokan aikinshi sun bayyana wannan tun 1993 a cikin masu gina jiki, mutum ƙaƙƙarfa amma idonshi na nuna mashi rago.

Akwai wasu tambayoyi 5 da likitoci a asibitin St George na Landan suka fitar a 1999, har yanzu ana amfani da su wajen tantancewar farko. Kana sa kanka amai saboda ka ji ciki ya cika har ya dame ka? Kana jin cin abinci ya fi ƙarfinka ba ka iya tsayawa? Ka zubar da sama da kilo 6 cikin wata 3? Kana ganin kanka mai ƙiba alhali mutane na cewa ka rame? Tunanin abinci ya mamaye rayuwarka? In biyu ko fiye suka zama eh, lokacin ganin likita ya yi. Ba wai ka zaunar da shi ka riƙa jero mashi su kamar ɗan sanda ba, ka riƙe su a ranka ne su nuna maka inda za ka sa ido. Kuma ba su kama mai neman ƙaton jiki sosai, shi sai ka ƙara da taka, me yake sha, me yake yi wa kanshi allura da shi.

Wani abu kuma kafin ka yanke hukunci, ba kowace rama ce wannan ba. Tarin fuka na ramar da mutum, ciwon suga na ramarwa, tsutsar ciki, ciwon maƙoƙo mai sa jiki ƙonewa da sauri, ƙanjamau, baƙin ciki mai tsanani, shaye-shaye, sannan da tsadar nan da muke ciki wani yaron ba ya ci ne don ya bar wa ƙannenshi kuma ba zai taɓa faɗa ba. Shi ya sa gwajin asibiti yake da amfani tun farko ko da kana ganin ka gane matsalar.

Yadda za ka yi mashi maganar, nan ne mafi yawanmu ke ɓata abin. Kada ka yi a gaban kwano, kada ka yi gaban Umma da ƙanne, kada ka yi a majalisa. Ɗauke shi a mashin ku fita kamar za ka raka shi wani wuri, ko bayan isha'i ku taka daga masallaci ku biyu, mutum ya fi sakin baki in ba ido cikin ido ake ba. Kuma kada ka fara da jikinshi ko da yabo ne. In ka ce ka rame, wanda ke neman rama daɗi zai ji ya ƙara ƙaimi, in ka ce ai jikinka ya yi kyau haka, ba zai yarda ba, ka ƙara tabbatar mashi ne cewa jikin ake kallo. Faɗi abin da ka gani da kuma damuwarka kawai. Misali ka ce, “Ƙanena, kwana biyu na ga ba ka zama cin abinci da mu, kuma na ga kamar ba ka barci sosai, abin ya tsaya mani a rai. Akwai abin da ke damunka ne?” In ya ce, “Ba komai Yaya,” wanda kusan haka zai ce, kada ka matsa, ce mashi to shi kenan amma ina nan duk lokacin da kake so, bayan kwana kaɗan ka sake komawa. Kunya ce ta yi mashi katanga, namiji da aka raina a kan cewa namiji ba ya kuka ba zai buɗe baki rana ɗaya ya ce Yaya ina tsoron tuwo ba. Ranar da ya fara magana kuma ka yi shiru ka ji, banda wa'azi, banda ai wasu ko na yau ba su da shi kai kana wasa da abinci, ya sani, sanin ma na cikin abin da ke ƙara mashi jin shi mai laifi ne.

Yanzu maganar ƙwayoyi, don Allah a nan a tsaya da kyau don ita ce ke saurin kai mutum kushewa. Abin da ake ce ma sha ka fashe yawanci dexamethasone ne ko ɗan'uwanshi prednisolone, wani lokaci a haɗa da cyproheptadine mai buɗe ciki da sa barci. Dexamethasone magani ne na gaske mai ceton rai in likita ya ba da shi a inda ya dace, amma ƙibar da yake kawowa ba lafiya ba ce, ruwa ne yake tarawa da kitse a fuska da ciki da ƙeya, hannu da ƙafa kuma su sirance don naman yake cinyewa, ga hawan jini ga suga ga gyambon ciki ga ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi ƙaramin ciwo ya zama babba. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wanda ya sha shi kullum sama da sati 3 ba a ƙwace mashi a zubar rana ɗaya. Jiki ya riga ya rage yin sinadarinshi na kanshi ya dogara da ƙwayar, in aka yanke farat ɗaya jini na iya faɗuwa mutum ya suma har ya rasa rai. Likita ne zai riƙa rage mashi kaɗan kaɗan. Don haka in ka ga sacet a aljihunshi kada zuciya ta ɗebe ka ka watsa a kwata, ka tambaye shi tun yaushe, guda nawa a rana, ku tafi asibiti da kwalin.

Allurar gina jiki kuma da wasu ke sayarwa a ɓoye a wuraren motsa jiki, sinadarin namiji ne na roba. Jiki in ya ga an kawo daga waje sai ya daina yin nashi, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har haihuwa ta yi wuya, wani nono ya fito mashi, ƙuraje a baya, saurin fushi, hanta da zuciya su sha wuya, in ana karɓa-karɓar allura ɗaya kuma ga ciwon hanta da ƙanjamau. In za ka yi wa saurayi bayani maganar haihuwar nan ka fara da ita, ita ta fi shigarshi. Masu neman rama su kuma shayin rage tumbi ne, da yawansu filasko ne a ciki, gudawa kawai yake sawa, abincin ya riga ya shige jiki tun a ƙaramin hanji kafin maganin ya yi aikinshi a babban hanji, ruwa ne da gishirin jiki ke fita ba kitse ba. Haka masu shan Lasix, ƙwayar nan mai sa yawan fitsari, don su bushe. In sinadarin fotasiyam, ɗaya daga cikin gishirin jikin nan, ya yi ƙasa bugun zuciya ke rikicewa, kuma wannan ba ya ba da sanarwa.

Akwai ɓangaren da mutane ba su son a taɓa amma barinshi cutarwa ne. Binciken da aka yi a ƙasashen waje ya sha nuna cewa maza masu sha'awar maza 'yan'uwansu sun fi sauran maza faɗawa cikin wannan ciwon, daga ciki akwai wanda Matthew Feldman da Ilan Meyer suka yi a birnin New York aka buga a 2007. Dalilan da masana ke kawowa suna da amfani ga kowa ya ji. Ɗaya shi ne idon namiji ya fi tsayawa a kan sura, don haka duk wanda ke son namiji ya so shi, mace ce ko namiji, nauyin gyara jiki ya fi hawa kanshi, balle a manhajojin da hoto kawai ake kallo a zaɓa ko a wuce. Na biyu nauyin ɓoyo da tsoro da tsangwama, wanda Meyer ya yi dogon bayani a kai a 2003, mutumin da kullum yake cikin fargaba sai ya nemi abu ɗaya da yake da iko a kai, abinci kuma shi ne mafi kusa. Na uku mu ma mun san shi a unguwanninmu, yaron da aka taso ana ce mashi ɗan daudu ko mata-maza saboda muryarshi ko tafiyarshi, ko da babu komai a ranshi, sai ka ga ya faɗa ɗaga ƙarfe ba ji ba gani don ya gina jikin da zai rufe bakin mutane. A nan kuma ga dokar tarayya ta 2014 da ta haramta auren jinsi ɗaya mai ɗaurin da ya kai shekara 14 ga dokar shari'a ta jiha, wanda ke cikin wannan halin ba zai faɗa ma kowa ba, ciwon sai ya ci shi a ɓoye.

Abin da nake roƙo a nan biyu ne. Kada ka mayar da damuwar yaro da jikinshi hujjar zargi, mafi yawan samarin da ke fama da wannan 'yan mata suke so su burge ko abokai, in ka fara bincike da leƙen wayarshi ka rufe ƙofar da kake ƙoƙarin buɗewa har abada. In kuma ya amince da kai ya faɗa maka wani sirri nashi, ko me kake gani game da abin, amana ce ya ba ka kuma rai ne a gabanka mai ciwo, tona shi na iya jawo mashi duka ko kora daga gida ko masu karɓar kuɗi da barazana, kuma mutum a wannan gaɓar yana kusa da tunanin kashe kanshi. Likita don ya yi maganin ciwon cin abinci abin da yake buƙata shi ne me ake ci, me ake sha, ana amai ko ba a yi, yaya barci yaya zuciya. Sauran shi mai abin ne ke da ikon faɗa ko ya yi shiru.

Sai gyaran wurin da yake zaune, don ba zai yiwu ka yi ta jinyar mutum kana mayar da shi inda ake ji mashi ciwon ba. A majalisa kai ne za ka fara daina kiran sunan, in wani ya kira ka ce mashi Malam a bar wannan sunan haka, ba sai ka yi bayanin dalili ba. Muna da abin kafa hujja da kowa ya yarda da shi, aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, kuma ga labarin Abdullahi ɗan Mas'ud da ya hau bishiya iska ta buɗe ƙwaurinshi sirara sahabbai suka yi dariya, Annabi (SAW) ya gaya masu cewa ƙafafun nan sun fi dutsen Uhudu nauyi a mizani. Na fi son a riƙa gaya wa masu tsokanar wannan fiye da a gaya wa wanda ake tsokana. A gida kuma ka samu Umma ita kaɗai ka ce, “Umma don Allah a daina maganar jikinshi ko ta yabo ko ta faɗa, a dai riƙa kiranshi mu ci tare.” Cin tare ɗin nan na kwano ɗaya da muke da shi babban magani ne, a asibitin Maudsley na Landan hanyar da suka fito da ita ta jinyar matasa masu ƙin ci a kan iyali aka gina ta, iyaye su zauna da yaro a kan abinci cikin natsuwa ba faɗa ba kuma ba ja da baya.

Waya ba sai ka ƙwace ba, ƙwacewa ba ta aiki. Ku zauna tare ya cire bin shafukan da in ya kalla yake jin ya raina kanshi, ya riƙa danna ba na so a irin bidiyon, don manhajar abin da ka tsaya a kai shi take ƙara turo maka. Ka gaya mashi gaskiyar hotunan, ana ɗaukarsu ne bayan an gama motsa jiki nama ya kumbura, an zaɓi haske an riƙe numfashi an tace, 'yan fim kuma kafin fitowar da za su cire riga har ruwa suke ragewa na kwanaki, wasu kuma allura ce ba za su faɗa ba. Ko su ba haka suke yawo kullum ba.

In yana son ƙarfi da jiki mai kyau kada ka kashe mashi gwiwa, nuna mashi hanyar da ba ta kisa. Mutum na buƙatar furotin kusan giram 0.8 a kowane kilo na nauyinshi a rana, mai ɗaga ƙarfe sosai ya kai wajen 1.6, wato yaro mai kilo 60 bai wuce neman giram 95 zuwa 100 ba. Ƙwai ɗaya na da wajen giram 6, gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata furotin ne, waken suya da ake awara da shi ya fi haka, ga wake ga ƙosai ga alale ga ƙuliƙuli a kwaɗon zogale ga fura da nono ga kifi, ba sai ya ci bashi ya sayi gwangwanin waje ba. Tuwo da shinkafa kuma su ne man da yake ɗaga ƙarfen da shi, barinsu ba dabara ba ce. Nama a jiki a hankali yake ginuwa, ko sabon farawa da wuya ya ƙara kilo 1 na tsoka a wata, duk wanda ya ce zai ba shi jiki cikin sati biyu ƙwaya zai ba shi. Hutun kwana ɗaya ko biyu a sati da barci isasshe na cikin aikin. In ana son a san ko nauyi ya yi daidai a raba kilo da tsawo sau tsawo a mita, mai kilo 65 da tsawon mita 1.75 zai samu wajen 21, tsakanin 18.5 da 24.9 shi ne daidai ga baligi. Amma wanda ciwon ya riga ya kama kada ka ba shi wannan lissafin kuma ka ɗauke sikeli daga ɗakinshi, lamba ita ce abin da yake azabtar da kanshi da ita, a bar wa likita awon.

Azumi ma a kula. Wani zai fake da Litinin da Alhamis, daga nan ya koma kullum, ba sahur, buɗa-baki dabino da ruwa, kowa na cewa yaro ya shiryu. Niyya tsakaninshi da Allah ce ba mai shiga, amma in ka ga ana azumi ana hawa sikeli ka san akwai magana. Hadisin da ya ce a raba ciki uku ai ya ba abinci kashi ɗaya, bai ce a bar shi fanko ba, kuma Annabi (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amr da ya matsa wa kanshi da azumi cewa jikinshi na da haƙƙi a kanshi. In Ramadan ya gabato kuma yana cikin jinya, a haɗa likita da malamin da ya san hukuncin mara lafiya tun kafin a ga wata.

Asibiti kuma kada a jira sai ya kwanta. Ku fara da babban asibiti mafi kusa, a Katsina ga Asibitin Koyarwa na Tarayya, a Daura ma ga babban asibiti, a duba jini da suga da gishirin jiki da hanta da ƙoda da bugun zuciya, daga nan a nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya. In ana buƙatar wanda ya fi, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna da na Kware a Sakkwato, ga na Dawanau a Kano. Zai ce shi ba mahaukaci ba ne, ka ce mashi ƙwarai ba shi ba ne, masu rashin barci da masu damuwa ma can suke zuwa, kuma ka raka shi da ƙafarka. Jinyar yawanci zama ne ana tattaunawa ana gyara tunani da tsarin ci, wani a haɗa da magani, tana ɗaukar watanni, ana samun sauƙi a koma baya a sake tashi, wannan ba alamar ta ƙi ba ce. Addu'a da ruƙiyya a yi, amma tare da asibiti ba a madadinshi ba, ciwon ƙin ci na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa.

Akwai alamun da ba a kwana da su. In ya suma ko jiri na kayar da shi, in ƙirji na ciwo ko zuciya na tsalle ba daidai ba, in ka ƙirga bugunta yana zaune bai kai 40 a minti ba, in akwai jini a amai, in ya tsuguna ya kasa miƙewa sai ya dafa, in ya daina shan ko ruwa, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa a lokacin ko da tsakar dare ne, mai maganar mutuwa kuma kada a bar shi shi kaɗai kuma a kwashe magunguna da fiya-fiya daga inda hannunshi zai kai. Wanda ya daɗe ba ya ci sosai kuma kada a cika mashi kwano a tsare shi sai ya cinye, jikin da ya saba da yunwa in abinci ya shige shi da yawa lokaci ɗaya sinadaran jini na rikicewa zuciya ta iya tsayawa, a asibiti ake fara mayar da shi kaɗan kaɗan ana duba jini. In za ku tafi ku haɗa duk abin da yake sha a leda ɗaya, ƙwaya da shayi da gari da kwalbar allura har da na gargajiya, ku miƙa wa likita ya gani da idonshi.